Abokaina duk sun ce manhajar ta yi, amma Hajiya ta kasa kunna fanka da ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni aikin haɗa sola da inbata nake a Gusau. Kwanan nan wasu alhazai sun fara shigo da sifikun nan masu jin magana irin Amazon Echo da Google Nest, sai ni da abokina muka fara ƙera manhaja da za ta tara ma mutum komai wuri guda, fitilu, fanka, lokacin tashin injin ruwa, da wanda ke da izinin ba da umarni. Mun tura ma abokai a guruf kowa ya ce ta yi. Da muka kai gida na farko uwargidan ta kasa ko kunna fanka, maigida ya ce mu zo mu kwashe kayanmu. Wallahi hankalina ya tashi don kuɗina sun shiga. Mu tura fom a cike mana ne, ko mu bari sai mun gama komai sannan mu sake gwadawa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, gara da abin ya fashe a gida ɗaya ba gida talatin ba. Amma duka hanyoyin biyun da ka kawo ba su ba ne.

Abin da kuka yi a guruf ba gwaji ba ne, neman yabo ne, kuma wanga kuskure kullum sai na ci karo da shi har na gaji da maimaitawa. Ka tura ma abokinka abin da ka kwana kana yi ka ce ya ka gani, mi kake so ya ce maka? Ma sha Allah zai ce, Allah ya ƙara basira, ya sa maka hoton wuta guda uku ya wuce, wataƙila ko buɗewa bai yi ba. Mu mutane ne masu kara, ba a kushe ma mutum aikinsa a gaban idonsa. Fom ma haka yake, mai cikewa ra'ayinsa yake ba ka, kai kuma abin da yatsansa ke yi kake nema. Masu koyar da zanen manhaja na kwana uku a WhatsApp su suka cusa ma yara cewa in mutum ɗari sun danna "ta yi kyau" an gama bincike, su karɓi kuɗi su ba da satifiket, yaro ya fito bai taɓa zama kusa da mutum ɗaya yana kallonsa yana fama ba. Kuma fa abin naka ba wasa ba ne, na'ura ce mai makirfo a falon mutane tana sauraro, gobe za a haɗa ta da makullin ƙofa. In Hajiya ba ta gane yadda za ta cire izinin yaron gidan da ya bar aiki ba, ko ta ɗauka ta kashe makirfo alhali bai mutu ba, yabon abokanka ba zai tare maka komai ba.

Ga yadda ake yi. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar sukan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja, in dai mutanen iri ɗaya ne. Naka ba iri ɗaya ba ne, akwai maigida, uwargida, matasa, don haka nemo uku ko huɗu daga kowane ɓangare, waɗanda ba su san ka ba sosai. Ba ka buƙatar gama manhaja, zane a Figma, manhajar zana fuskar manhaja, ko ma a takarda ya isa, har kana iya sa abokinka ya riƙa kunna fankar da hannu daga gefe in an danna daidai.

Ka ba mutum aiki, kar ka ba shi bayani. Ce masa: baƙi sun zo, sa fitilar zaure ta kama bayan magariba. Sai ka yi shiru. Nan ne wahalar take, bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce danna can, kar ka ce. Roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa da babbar murya, kai ka rubuta inda ya tsaya da inda ya ɓata. In Hajiya ta ce ni ce ban iya ba, gaya mata manhajar ake gwadawa ba ita ba. Cikin gida kuwa ƙanwarka ko matarka ta shiga ta yi zaman, matar aure ba za ta sake da baƙon namiji tsaye a kanta ba. Kafin ka naɗi murya ko bidiyo nemi izini, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan.

Abu biyu kar ka manta. Alexa, muryar da ke amsawa cikin Amazon Echo, ba ta jin Hausa, to duba ko sunan da ka sa ma fanka a manhaja shi ne wanda bakin Hajiya zai iya faɗa sifika ta gane. Sannan ka kashe wutar gidan da gangan ana tsakiyar gwaji kamar an ɗauke nepa, ka ga mi manhajar ke nuna ma mutum kafin sabis ya dawo.

Koma gidan alhajin nan ka ba shi haƙuri, ka roƙi minti talatin na uwargidan, ita ce ta farko cikin jerinka. Gyara abu uku mafi muni, sati mai zuwa ka nemo wasu sababbi.