Zancen gizo-gizo, daga Tawa zuwa Yamai

Assalamu alaikum ɗiyata,

Saƙonki ya iso. Kin ce tun da kuka koma sabon gida a Yamai kike fama da gizo-gizo, surukarki ta hana ki kashe shi, amma ita ce kuma ke yi miki faɗa in ta ga yana a kusurwar ɗaki, wai tsiya take jawowa. Ga ƴarki, amaryata, kuma ta tashi da ƙuna a wuya, an ce fitsarin tautau ne. Kika ƙara da cewa in dai gizo-gizo abin a kyale ne, don me aka mai da Gizo ɓarawo, maƙaryaci a gatana? Bari in fara da ta yarinya, don ita ce ba ta jira.

Tun muna yara, duk wanda ya wayi gari fatarsa ta tashi ta yi bororo, sai a ce tautau ya bi ta kansa da dare ya yi masa fitsari. Ban ga laifin tsofaffi ba. Abu ne da ke faruwa mutum na barci, da safe kuma wanda ido ke fara gani a bango shi ake kamawa. Amma gizo-gizo ba ya irin wannan fitsarin. Abin da ke fita daga cikinsa ɗan ɗigo ne fari-fari, za ki gan shi a bango ko a ƙasa daidai ƙarƙashin yanarsa, kuma ba ya ƙona fata. Mai wannan ɓarna galibi ƙwaron ƙarshen damina ne, wanda ku a Yamai kuke ce wa kantarid, mai cin furen hatsi a gona, da dare ya biyo hasken fitila har cikin gida. Shi ma ba cizo yake yi ba. Ya sauka a wuyan mutum, mutum ya kai hannu cikin barci ya murtsuke shi, ruwan jikinsa ne ke ƙona wurin. Don haka in ya sauka a jikinki hure shi za ki yi, ba mari ba, in kuma an riga an murtsuke a wanke wurin da ruwa da sabulu, hannun kada ya je ido. Kada a fasa bororon, kada a shafa masa toka. Akwai kuma wata cuta da ita ma ake laƙa wa tautau: ƙuraje a jere a gefe ɗaya na jiki, da zogi mai tsanani. Wannan ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki shekaru ta farka, ta fi kama manya. Ko wanne ne, ki kai yarinya likita ya duba, ki riƙa sa ta cikin sange.

To, zancen surukarki. Ita da kakarki, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya suka gada, kuma babu tufka da warwara a cikinsa. Yana daban, mai saƙa ta daban. Kakarki duk ranar Juma'a da safe takan ɗaura tsintsiya a kan dogon kara ta bi azara ɗaya bayan ɗaya, ta bi bayan tulu da ƙarƙashin gado. In gizo ya faɗo, sai ta tura shi da bakin tsintsiya har ƙofa tana cewa, "Tafi abinka, bawan Allah." Yaron da ya ɗaga takalmi sai ya sha rankwashi.

Dalilin kyale shi kin san shi tun kina makarantar allo. Lokacin hijira, a shekarar 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun ɓuya kwana uku a kogon Saur, kudu da Makka. Labarin da ya yaɗu shi ne gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon, masu bin sawu suka zo suka ga yana ba ta tsinke ba, suka ce babu wanda ya shiga nan. Zaman kogon yana cikin Alƙur'ani, a aya ta 40 ta Suratut Tauba, sai dai ayar ba ta ambaci gizo-gizo ba. Zancen saƙar a ruwaya ya zo, malaman hadisi kuwa sun saɓa a kan ƙarfinta. Na faɗa miki wannan don ki sani, ba don ki je ki yi gardama da tsohuwa ba. Abin da labarin ya haifar a gidajenmu alheri ne: an ɗauke hannu daga halittar da ba ta cutar da kowa. Ki lura ba haka ake yi wa tsaka ba, ita akwai hadisi ingantacce a kan kashe ta, shi ya sa yara ke bin ta da sanda.

Maganar tsiya kuma, akwai wata ruwaya da ake jingina wa Sayyidina Ali cewa barin saƙar gizo a gida na gadar da talauci, malamai da yawa ba su inganta ta ba. Ni a nawa gani tsofaffi sun karanta alama ce daidai. Ina yana ke taruwa? A rumbun da ba a buɗewa saboda babu komai ciki, a tukunyar da aka daɗe ba a ɗora ba, a ɗakin da mai shi ya tafi cin rani bai dawo ba, ko na macen da hannunta ya mutu. Yana ba ta kawo tsiya, ta dai fi kowa saurin isa inda tsiya ta riga ta sauka. Baƙon da ya shigo ya ɗaga kai ya gan ta jage-jage da ƙura, ya gama karanta gidan. Share ta kuwa ba zalunci ba ne ga mai ita. Masu saƙa zagayayyar yanar nan da yawansu da kansu suke cinye tsohuwar su sake sabuwa, wasu ma kusan kullum.

Shekarun da na yi ina koyarwa a lakkol, abin da na fi sa yara yi shi ne su zauna su kalla. Ke ma ki gwada da yamma, a wajen fitilar tsakar gida. Zai fara sakin zare ɗaya iska ta kai shi ya maƙale a wancan gefe, ya bi ta kai ya ƙarfafa shi. Daga nan ya ja zarurruka daga tsakiya zuwa gefe-gefe, waɗannan ba su da danƙo, su ne hanyarsa. Sai a ƙarshe yake zagayawa da mai danƙon. Zaren ruwa ne a cikin cikinsa, yana fita ta wasu ƴan kafofi a ƙarshen jikinsa, jawo shi da yake yi ne ke mai da shi zare. In ya gama ya koma tsakiya ya lafe, ƙafafunsa a kan zaren, don masu yana ba su da gani sosai duk da yawancinsu idanu takwas gare su, da motsi suke sanin abin da ya faɗa. Ƙuda na faɗawa ya iso, ya naɗe shi, ya sa masa dafi, ya zuba masa ruwan da ke narkar da nama, sannan ya tsotse. Ƙafa takwas gare shi, jikinsa kashi biyu, ba fiffike, ba ƙahon shinshina, shi ya sa masana ba sa lissafa shi cikin dangin ƙuda da fara masu ƙafa shida. Da kunama suke dangi.

Zaren nan, in aka auna da nauyinsa, yana gogayya da ƙarfe wajen ƙarfi. A Madagaska an taɓa tara gizo-gizo fiye da miliyan ɗaya aka ɗebi zarensu aka saƙa mayafi ruwan zinariya, aka nuna shi a birnin New York a 2009. Wani ɗalibina ya taɓa tambayata, to yaya ke nan da aya ta 41 ta Suratul Ankabut, sura ta 29, da ta ce gidan gizo-gizo ne mafi raunin gidaje? Na ce masa ayar gida ta ce. Me ake nema a gida? Ya tare rana, ya tare ruwa, ya tare iska, ya rufa asiri. Wanne yana ke yi a ciki?

Ba duka ne ma ke saƙa tarko ba. Irin gizo-gizo da masana suka tantance sun haura 50,000 tun 2022. Akwai ɗan ƙaramin nan mai tsalle da ke yawo a jikin taga da rana, shi idonsa garau, laɓaɓowa yake yi ya dira kan ƙuda. Wani danginsa a bakin tafkin Biktoriya, a Kenya, ya fi son sauron da ya sha jini ya ƙoshi. Akwai babban nan mai faɗi da ke manne a bango, wanda na tabbata shi ne ke sa ki ihu, shi ƙwarin ɗaki yake farauta da dare, manyansu har kyankyaso suke kamawa. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta gizo-gizon duniya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. Manomin Adar da ya san wannan ba zai kashe na gonarsa ba.

Tsoro kam ban hana ki ba, ni ma jikina yakan yi yar in ya faɗo mini ba zato. Kusan dukkansu suna da dafi, amma dafin na ƙwari ne, ƙalilan ne ke iya yi wa mutum illa ta gaske, waɗanda suka fi suna kuwa a Ostareliya da nahiyar Amurka suke. Abin da ke ba ni haushi shi ne tsoronmu ya kan sauka inda bai kamata ba. Ki tuna jan nan mai gashi da ke fitowa cikin zafin Afrilu da Mayu muna kwance a tsakar gida, wanda muke ce wa dokin kunama, wai a bayansa take hawa? Gida gaba ɗaya ke watsewa. Alhali ba shi da dafi, ba ya saƙa, ba ma gizo-gizo ba ne na ainihi. Muƙamuƙi dai gare shi, in ya ciza da zafi, shi ke nan. Da rana in kika ga yana bin ki, inuwarki yake bi. Amma kunama, wadda harbinta ke kashe yara a yankin Agadas, ita sai a bar takalmi a waje a zura ƙafa da safe ba a kakkaɓe ba. Abu ɗaya kuma da nake so ki bari ko wa ya ce ki yi: ɗora yana a kan yanka don ta tsai da jini. Ta ɗakinmu cike take da ƙura, ta nan tetanos ke iya shiga.

Saura Gizo mijin Ƙoƙi. Wannan kam ba ƙwaro ba ne, mutum ne aka sa wa rigar ƙwaro. Ki duba yadda gatanarsa ke farawa, sau da yawa ana yunwa a gari. Ba shi da ƙarfin giwa, ba shi da sarauta, ba shi da garke, sai ciki da baki, bakin ma da tsami, ya durƙusa gaban sarki yana "yanka ya daɗe, sayki" ana dariya, shi kuwa yana lissafin sa nawa ne a turke. Ya roƙi hankaki su ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya isa ya ce kowane ɓaure shi ya fara gani, suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan icce. Ya faɗa ruwa, ya ce wa kada shi ɗan'uwansu ne da ya ɓace, suka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya bi dare ya cinye. Ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984 ta san irin wannan mutum, ta san kuma wani lokaci shi ne ke kai labari. Shi ya sa ake jin daɗinsa ana kuma tsine masa a zama ɗaya. Yaro na koyon dabara daga gare shi, yana kuma ganin yadda haɗama ke tona masa asiri. Tsofaffi da suka nemi wanda zai ɗauki wannan hali, suka duba ɗaki suka ga wani ɗan abu marar ƙarfi da ke ci da tarko da haƙuri. Zaɓin matar ma akwai ido a ciki, don ƙoƙi ta ainihi, ƙwaron nan mai dogayen hannuwa, takan cinye namijinta, haka ma macen wasu gizo-gizo, wadda galibi ta fi namijin girma.

Ba mu kaɗai ba ne. Mutanenmu da suka yi zama a zangon Kumasi sun tarar Asante na da nasu, Ananse, shi ma gizo-gizo ne mai wayo, bayin da aka kwasa kuma sun tafi da labarinsa har Jamaika. Maƙwabtanki Zabarmawa kuwa zomo suka ba wannan aiki, shi ke wahalar da kura.

In za ki yi wa yara gatana, ki bari sai dare. A gidanmu cewa ake wanda ya yi ta da rana zai ɓace a kasuwa, sai fa in an ɗaure Gizo tukuna, a ƙulla bakin zane a ce an ɗaure shi. Ba wanda na sani da ya ɓace. Rana dai ta daka ce da ɗiban ruwa da kiwo, yaron da aka fara wa Gizo da hantsi kuwa ba zai sake aikuwa ba. Ki kuma yi muryarsa da tsamin bakin yadda ya kamata, kada ki ji kunya, in babu wannan yara ba sa zama.

Ki gaida maigida, ki gaida surukarki da kyau.

Kawunki, daga Tawa.