Tambaya da Amsa: Me ya sa aka kori su kakata daga Ghana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakata a Kumasi aka haife ta, kullum tana ba mu labarin yadda aka kore su daga Ghana tana budurwa suka dawo Kano da kaya a ka, har yau in ta tuna sai hawaye. Yanzu kuma a unguwarmu an fara maganar wai a kori 'yan Nijar masu ga-ruwa da masu shayi, wai su ne ɓarayi. Dan Allah me ya kai mutanenmu Ghana tun farko, kuma me ya sa ake tsanar baƙo haka? Daga wata ɗaliba, Kurna, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa kakarki lafiya. Goro ne ya fara kai mu. Tun kafin Bature ya zo ayari ke tashi daga Kano da Katsina, madugu a gaba, jakai ɗauke da kanwa da fata da baƙin rini, a yi wata da watanni a hanya har Salaga a ƙasar Gwanja da ke arewacin Ghana ta yau, a sayar a sayo goro a juyo. Inda ayari ke yada zango nan wasu suka zauna suka yi aure suka gina masallaci, shi ya sa har gobe unguwannin baƙi a Ghana ake ce musu zango. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892 fatake suka watsu zuwa Kumasi da Kete Krachi da Akara. Daga baya aikin gonar koko da haƙar zinari ya jawo Zabarmawa da Mosi na Burkina Faso ta yau da Yarbawa, kuma a lokacin maraba ake da su don akwai aiki ba hannu.

Toh a ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasar. Lokacin tattalin arziki ya taɓarɓare, samari ba aikin yi, 'yan kasuwar gida na kukan baƙi sun mamaye kasuwa. Ki duba fa, mutum an haife shi a Kumasi, an haifi ubansa a Kumasi, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda, rana ɗaya a ce ya koma garin da bai taɓa gani ba, haka mutane suka karyar da rumfuna da gidaje a kuɗin da bai taka kara ya karya ba suka hau manyan motoci. Wannan ne abin da ke sa kakarki kuka.

Amma dole in gaya miki ɗaya ɓangaren, don mu ma mun yi. Shekarun 1970 kuɗin fetur ya shigo Najeriya, 'yan Ghana suka kwararo, malaman makaranta da teloli da magina da masu gyaran takalmi. Da farashin mai ya faɗi, ga zaɓe na tafe, sai a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su ma. An riƙa kafa hujja da rikicin Maitatsine na 1980 tunda shi ɗan Kamaru ne, alhali da yawan mabiyansa 'ya'yanmu ne na gida. Kusan mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana, suka yi cunkoso a iyakar Seme da tashar jirgin ruwa ta Apapa, kuma shekarar ce Ghana ke fama da fari da gobarar daji. Ina sakandare lokacin, malaminmu na lissafi ɗan Ghana ne, da idona na gan shi a bakin get yana sayar da katifarsa da rediyo, muka tsaya muna kallo ya ɗaga mana hannu ya ce mu dage da karatu. Wallahi har yau in na ga jakar nan mai ratsin ja da shuɗi da muke ce wa Gana-mas-go shi nake tunawa.

Kin ga a duka biyun ba halin baƙon ne ya canja ba, aljihu ne ya bushe, kuma ya fi wa mai mulki sauƙi ya nuna mai shayi da yatsa da ya yi bayanin inda kuɗi suka tafi.

Su kuma 'yan Nijar na unguwarku cin rani suka zo, damina wata uku ce zuwa huɗu, in an girbe gero sai a fito nema kafin ruwa ya sauka, kamar yadda namu ke tafiya Legas da Fatakwal. Ni kam kiran Bamaraɗe baƙo a Kano yana min nauyi a baki, Katsinawa ne fa suka kafa masarautar Maraɗi bayan jihadi, Turawa suka zo suka ja layi a tsakani. In an kama ɓarawo a kai sunansa wurin mai unguwa a yi masa hukunci shi kaɗai.

Ke kuma ki zauna da kakarki ki kunna rikoda a wayarki, ki tambaye ta sunan zangonsu a Kumasi, wa ya sayi gidansu, ta wace hanya motarsu ta biyo, kuma wa ya fara sauke su da suka iso Kano.