Fatawa: Shin Hankali Yana da Gurbi Wajen Gane Halas da Haram?

Tambaya: Malam, ina sayar da tsofaffin wayoyin hannu. Nakan sayi wadda ta taɓa faɗawa ruwa, in gyara ta, in canja mata gilashi ta fito tas, sannan in sayar ba tare da na faɗa wa mai saye tarihinta ba. Zuciyata ba ta natsuwa da hakan, amma wani abokin sana'ata ya ce babu aya ko hadisin da ya ambaci waya, kuma ba a shigar da hankali cikin addini. Mene ne gaskiya?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Maganar abokin naka ta haɗa gaskiya da kuskure, don haka sai an tsefe ta.

Gaskiyar da ke ciki ita ce, hankali ba ya ƙirƙiro ibada, ba ya kuma ture nassi tabbatacce, wato aya ko hadisi ingantacce. Abu Dawud ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa da addini da ra'ayi ake yin sa, da ƙasan huffi, wato safar fata da ake shafa a kanta wajen alwala, ya fi samansa cancantar shafa. Malaman aƙida kuma sun daɗe suna tattauna wannan mas'ala: Mu'utazilawa suka ce hankali shi kaɗai yana tabbatar da kyau da muni har da hukunci, Ash'ariyya suka ce shari'a ce ke tabbatar da su, Maturidiyya da Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekarar 728 bayan Hijira, suka ce hankali yana iya gane kyau da munin abubuwa da yawa. Ibn Taimiyya ya ƙara da cewa azaba ba ta tabbata sai saƙo ya iso, saboda faɗin Allah a Suratul Isra'i, aya ta 15, cewa ba Ya azabtarwa har sai Ya aiko manzo.

Kuskuren kuwa shi ne zaton cewa inda nassi bai ambaci abu da sunansa ba, an sakar wa mutum mara. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tarin hatsi, ya cusa hannunsa, sai yatsunsa suka ji damshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi ya ce don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni". Aikin hankali a nan shi ne ya gano dalilin hukuncin, wato ɓoye aibin da zai rage kuɗin kaya ko ya hana mai saye saye, ya ɗora shi a kan abin da ya yi kama da shi. Wannan shi ne ƙiyasi, kuma mazhabobi huɗu duk suna aiki da shi. Wayar da ruwa ya ci cikinta aka lulluɓe da sabon gilashi, hatsin nan ne jiƙaƙƙe aka rufe da busasshe.

Rashin natsuwar da kake ji ma shari'a ba ta watsar da ita ba, domin hadisin Nawwas bin Sam'an ya siffanta zunubi da abin da ya sosa maka rai, ka kuma ƙi mutane su sani.

Saboda haka wajibi ne ka bayyana aibin kafin a ƙulla ciniki. Waɗanda ka riga ka sayar wa suna da zaɓin mayar maka da wayar su karɓi kuɗinsu, don haka ka nemi waɗanda za ka iya samu ka sanar da su, su mayar ko su yafe maka. Allah ne Mafi sani.