Amsa: Da gaske yis na iya yin furotin?

Malam, tambayarka ita ce ko yis ɗin da ke kumbura fanke zai iya samar da furotin a masana'anta. Ƙwarai kuwa, kuma an daɗe ana yi. Tun 1986 Amurka ta amince da rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi da furotin ɗin da yis ɗin burodi ke samarwa.

Ana dasa masa ƙwayar halittar furotin ɗin da ake so ne, a zuba shi cikin manyan tankunan ƙarfe, a ba shi sukari da iska. Ruwan sai ya yi kauri, yana kumfa kamar ƙullun waina, sannan a tace. Kamfanin Impossible Foods kuwa, mai yin abinci mai kama da nama daga tsirrai, wani yis ɗin daban yake amfani da shi, Pichia pastoris, wajen yin sinadarin da ke ba bogarsu ɗanɗanon nama. Ni dai fatana a riƙa rubuta wa mai saye gaskiya a jikin kwali.