Ga mai tambaya kan karatun malanta a ƙaramar kwaleji

Ƙanwata, na ga tambayarki, cewa wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a nan Amurka ta ba ki gurbin karatun malanta da ragin kuɗi, kin rasa ko ki karɓa ko ki tafi jami'ar jiha. Irin wannan kwalejin na yi, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Karatun aji kam ba laifi. Ɗalibai kaɗan ne, malami ya san sunanki, kuma ko lissafi za ki koyar sai an ɗora miki tarihi da adabi da falsafa. Na ji daɗin wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne koyarwar gwaji: zangon karatu guda cur kina makarantar gwamnati daga safe har la'asar, galibi ba a ba ki ko sisi, kuɗin kwaleji kuma cif za ki biya. Aikin dare da nake yi dole na ajiye shi.

Malamar da aka haɗa ni da ita, Allah dai ya isa. Tun ranar farko ta dubi hijabina ta dubi ƙasa. Aikina ya zama buga takardu da raka yara banɗaki. Ran da ta bar ni na tsaya gaban aji, ina cikin bayani ta katse ni tana gyara mini lafazi, yaran suna ta dariya. Sallar azahar da nake yi a lokacin cin abincina, ita ta rubuta a rahoto wai ina ɓacewa daga bakin aiki. Cikin azumi ne fa. A mota nake zama in yi kukana kafin in kama hanyar gida. Na kai ƙara wajen mai kula da mu daga kwaleji, ya ce in yi haƙuri. Daga baya na gane dalili: makarantun da ke karɓar ɗalibansu a ɗan garin ba su da yawa, ba za su ɓata da shugaban makaranta a kaina ba. Har yau in na ji irin turaren malamar nan gabana faɗuwa yake.

To ki tambaye su tun yanzu, wa ke zaɓar makarantar gwajin, kuma in an samu saɓani ana canza miki? Kada ki tsaya ga bakin ma'aikatan ɗaukar ɗalibai, nemi wadda ta gama a can.

Lasisin koyarwa jiha ce ke bayarwa, don haka ki tabbatar jihar ta amince da shirin nasu, ki duba ko suna da shaidar CAEP, hukumar da ke tantance ingancin shirye-shiryen horar da malamai. Jihohi da yawa jarrabawar Praxis suke nema, New York tata daban ce, kuma ta daina tilasta edTPA, wani gwajin iya koyarwa a aji, a 2022. In aure ya kai ki wata jiha, wasu takardun sai kin sake.

Tallafin TEACH na gwamnatin tarayya ga masu karatun malanta, har dala 4,000 a shekara, ki yi hattara da shi. Sai kin koyar shekara 4 cikin 8 a makarantar marasa ƙarfi, a fannin da ake ƙarancin malamai, in ba haka ba ya koma bashi da kuɗin ruwa tun daga ranar da aka ba ki. Mai bizar ɗalibi ma ba ya samu.

Sannan wasu daga cikin waɗannan ƙananan kwalejojin rufewa suke yi. Kwalejin Saint Rose ta Albany a jihar New York, wadda ta yi suna wajen yaye malamai, ta rufe a 2024. Kwalejin Wheelock kuwa Jami'ar Boston ta haɗiye ta a 2018. Ki bincika ko ɗalibansu raguwa suke.

Af, kina da mota? Garin da na zauna ba bas, ba masallaci, naman halal sai an yi tafiya mai nisa, ga ƙanƙara. Ki faɗa mana jihar, ƙila akwai 'yar gida kusa da ke.