Layin yanka a kan roba: me za a saya, me za a bari?

Tambayoyin wannan mako sun fito daga masu haɗa maket, ƙananan samfuran gidaje da motoci da ake yi da fallen roba. Dukansu a wuri ɗaya suke kuka: zana layin da reza za ta bi.

Wani ɗalibin fannin gine-gine a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ya rubuto: "Malam, an ba mu aikin gida mai ɗaki uku a ma'aunin 1/100. Na sayi farar roba mai kaurin milimita 2. Fensir ya ƙi kamawa, na koma alƙalamin maka, amma da na zo haɗa bangwaye kusurwoyin suka ƙi haɗuwa. Jika biyar ta rage mini. In sayi maka mai siririn baki?"

Ɗana, ajiye makar nan tukuna mu yi lissafi. A ma'aunin 1/100, milimita 1 a kan robarka santimita 10 ce a gini. Bangon bulo mai kaurin santimita 20 shi ne milimita 2. Layin maka kuwa yakan kai milimita 1, wato rabin kaurin bangon gaba ɗaya. In a nan ka yanka ta hagun layi, a can ka yanka ta damansa, bango huɗu ba za su taɓa yarda da juna ba. Laifin ba na hannunka ba ne, layin ne ya yi kauri.

Kuɗinka ka fara kai su ga rular ƙarfe mai santimita 30. Ta roba ko ta katako reza na cin bakinta, kwana kaɗan ta karkace ba ka sani ba. Sai reza mai kube irin wadda ake ɓalle bakinta idan ya dakushe, da fensir mai turawa na 0.5, da salatif na takarda irin na masu fenti. In akwai saura, ƙaramar sikwayar ƙarfe ta kafintoci. Masu kayan makaranta da masu kayan gini na babbar kasuwa ne za ka zagaya. Kafin ka biya, ɗora rular a kan gilashin shagon ka duba ko bakinta ya kwanta sak.

Fensir yana zamewa ne saboda sulɓin robar. Ka shafa ta sama-sama da samfefa mai laushi, lamba 600, sai sheƙin ya mutu, fensir zai kama. Ko ka manna salatif ɗin a inda layin zai bi ka zana a kansa. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne, fensir na tsara wuri ne kawai. Alamar gaskiya da bakin reza ake yin ta. Ka auna, ka ɗan caka tsinin reza daidai kan awon, sama da ƙasa. Mayar da tsinin cikin ramin farko, ka turo rula har ta taɓa rezar, ka yi haka a na biyun. Ta haka rula ce ke zuwa wurin alama, ba ido ke kintata ba. In karcen ya ƙi ganuwa a farar roba, goga masa ɗan garin fensir da yatsa, zai fito baƙi siriri kamar gashi.

Rular ta kwanta a kan ɓangaren da kake so, domin in reza ta kauce ta ci abin zubarwa. Manna salatif a ƙasanta don kada ta zame. Ja na farko ya zama kamar ba ka so, sannan ka ƙara biyu ko uku. Ba sai ka ratsa ba: lanƙwasa robar ta bayan karcen, za ka ji ƙas, ta rabu. Bakin zai ɗan tashi, kankare shi da gefen reza.

Abu biyu da ke kayar da ɗalibai. Kada ka yarda cewa bakin fallen da ka sayo a miƙe yake. Gyara gefe ɗaya, duk awo ya taso daga gare shi, ka gwada kusurwa yadda magina ke yi: santimita 9 nan, 12 can, tsakaninsu ya ba da 15 cif. Sannan ka tuna da kaurin robar. Bango biyu da za su shiga tsakanin sauran biyun, kowanne sai an rage masa milimita 4.

Wata malamar sakandare daga Tibiri ta ce: "Na samo ragowar allunan roba wurin masu rubutun talla, farare masu taushi da masu kama da gilashi. Yara sun cika su da maka. An ce in goge da tina ko ruwan cire jan farce."

Malama, don Allah kada ki yi. Ruwan cire jan farce yawanci asiton ne, shi da tina suna narka fuskar roba, mai kama da gilashin kuma su bar mata hazo da ba ya fita. Farin allon, wanda masu talla ke kira Forex, ki goge shi da auduga da alkol na kantin magani. Ki goge sosai kafin fenti, don tawadar maka tana ɓullowa ta cikin farin fenti ko an yi shafi biyu. Mai kama da gilashin kuwa, Plexiglas, ko alkol na iya sa mata ƙananan tsagu, ki gwada a guntun da ba ki so. Nan gaba kada a ɓare ledar da ke manne a jikinta, a kanta ake zane, sai an gama yanka a cire. Ita wannan tana son wuƙa mai ƙugiya da ja da yawa kafin ta karye, don haka ga yara ki zaɓi Forex mai milimita 3. Su su auna su zana da fensir, reza ta zauna a hannunki.

Ta ƙarshe daga wani matashi ne a Sabon Gari mai ƙera ƙananan tireloli yana sayarwa: "Tayoyi da tagogi ba sa fita iri ɗaya. In buga zane a takarda in manna?"

Kana iya yi, ƙanena. Ka ce wa mai kwamfuta ya buga a kashi 100, kada ya bar na'ura ta daidaita da shafi. Sa layi mai santimita 10 a gefen zanen, ka auna shi da rularka tun kana shagon. Manna da gam mai sanda, na ruwa yana jiƙa takarda ta miƙe.

Tayoyi kuwa kamfas mai allura biyu ya fi komai. Kafa ɗaya a tsakiya, ka yi ta juyawa har ɗayar ta haƙa zobe, a roba mai milimita 1 sai ka ɓalle gefen kaɗan-kaɗan, ga ramin tsakiya kuma ka samu na gatari. Tagogi ka yanka guda ɗaya mai kyau, ka rubuta mata alama, kowace daga ita za a kwafa. In ka kwafi ta uku daga ta biyu, kuskure zai yi ta haihuwa. Fallayenka kuma ka ajiye su a kwance cikin inuwa da katako a kai, musamman a watan Afrilu da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, domin wadda ta kwana a jingine ƙarƙashin kwano takan lanƙwashe, rula ba za ta ƙara kwanciya a kanta ba.