Tambayoyinku: Bene a Wuse ko tsakar gida a Mararaba?

Tambaya: Anti, a Mararaba muke zaune, gida mai ɗaki uku da tsakar gida. Maigidana yana aiki a Sakatariyar Tarayya, ya dage sai mun koma wani bene a Wuse, cikin Abuja, hawa na huɗu, ɗaki biyu kacal, ga haya ta ninka tamu. Yaranmu uku. Me zai sa mutum ya bar fili ya je ya takure iyalinsa a sama? *Maman yara, Mararaba*

Amsa: Ƙanwata, hanyar Keffi ce ta gajiyar da maigidanki. Wanda zai shiga ofis ƙarfe takwas daga wajenku, da an sallame asuba yake fita, ya rarrafa cikin cunkoson Nyanya, ya hau Kugbo, ya ƙarasa mahaɗar AYA da ke Asokoro. Da yamma a maimaita, sau da yawa magariba a mota take riskarsa. Ya bar yara suna barci, ya dawo ya tarar sun yi barci. Uban da ba ya ganin 'ya'yansa sai Asabar da Lahadi, ni kam ba na ganin laifinsa idan ya nemi mafita.

Ga kuma kuɗin mai. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, a 2024 kuwa sai da ta haura 1,000. Arahar gidan bayan gari da yawanta a tanki take ƙarewa. Ofisoshi, Asibitin Ƙasa da Kasuwar Wuse duk a tsakiyar birni suke, fili a nan ya yi tsada, shi ya sa masu gini suke hawa sama, masu haya suke binsu.

Amma damuwarki gaskiya ce, kada kowa ya raina ta. Tsakar gida ita ce daular mace. A hawa na huɗu ba kya daka a turmi, na ƙasa zai hayo da ƙorafi. Shanya sai a ɗan baranda. Ragon layya sai an roƙi maigadi wurin ɗaure shi. Baƙi daga gida, waɗanda ba sa sanarwa kafin su taso, a falo za su kwana. Idan surukarki mai ciwon gwiwa ce, ki sani yawancin benaye masu hawa uku ko huɗu ba su da lif, mai lif ɗin ma sai da wuta.

Ra'ayina, ki bi shi, amma da sharaɗi. Ku zauna da biro da takarda ku haɗa kuɗin mai, gyaran mota da motar makarantar yara na shekara guda, ku kwatanta da ƙarin hayar. Ku sa har da kuɗin hidimar gini, na gadi da shara da dizal, domin dillalai ba sa ambatarsa sai an kusa biya. Ki je da kanki, ki tambayi matan ginin ko ruwa yana hawa sama kullum, ki duba ƙarfen baranda ko kan ƙaramin yaro zai iya shiga. In akwai na hawa ɗaya ko biyu a ginin, shi za ku nema, ko da an ɗan ƙara kuɗi. Kuma kada ku biya hayar shekara biyu a karon farko.